Yadda nake gane shekarun tsohuwar jesin Umbro

Kawuna tela ne. Duk rigar da aka miƙo masa, kafin ya ce uffan sai ya juya ta ciki ya koma waje. Ina yaro na tambaye shi dalili, ya ce, "Ɗana, fuskar riga ta mai saye ce, cikinta kuwa na wanda ya ɗinka ne." Ban gaje shi a ɗinki ba, amma wannan ɗabi'a ta biyo ni cikin abin da na fi ƙauna, wato tara tsofaffin rigunan ƙwallo, musamman na kamfanin Umbro. Abokai sukan turo mini hoto su ce, wannan ta wace shekara ce, kuma ta asali ce? Na amsa har na ga gara in rubuta hanyar da nake bi, kowa ya iya da kansa.

Ba za ka iya karanta riga ba sai ka san wanda ya yi ta, don haka ka fara riƙe ƙashin bayan tarihin kamfanin a ka. Harold Humphreys da ɗan'uwansa Wallace ne suka kafa shi a 1924 a garin Wilmslow da ke Cheshire, kusa da Manchester a Ingila. Sunan ma daga nasu aka yanko shi: "um" daga Humphreys, "bro" daga kalmar Turanci mai nufin 'yan'uwa maza. Shekara goma bayan haka, a wasan ƙarshe na Kofin FA na 1934 a Wembley, Manchester City da Portsmouth duk kayan Umbro suka saka, City ta ci 2 da 1. Jar rigar da Ingila ta ɗaga Kofin Duniya da ita a 1966, bayan ta doke Jamus ta Yamma 4 da 2, ita ma daga hannunsu ta fito. A 1992 kamfanin ya fita daga hannun iyalan Humphreys, wani kamfanin Amurka mai suna Stone Manufacturing ya saye shi. Nike ta yi cinikinsa a 2007 a kan fam miliyan 285, ta kuma sayar wa wani kamfanin Amurka mai suna Iconix a 2012 a kan dala miliyan 225. Kada ka ɗauki waɗannan shekaru labarin kasuwa kawai. Kusan duk lokacin da kamfanin ya canja hannu, sai ka ga alamar hakan a jikin rigar.

Abu na farko da nake dubawa shi ne tambarin kamfani a ƙirji. Idan aka ce maka riga ta shekarun 1960 ce, alhali ga tambarin Umbro ɓaro-ɓaro a gabanta, to ka ajiye ta. A wancan zamani sunan mai ɗinki a ciki yake, a ɗan ƙyallen da ke bayan wuya. Dubi hotunan kyaftin ɗin Ingila Bobby Moore ɗauke da kofi a 1966, bajon zakoki uku ne kaɗai a ƙirjinsa. Wanda ya sauya wannan al'ada abokin hamayyarsu ne, Admiral na yankin Leicester, wanda ya ƙulla yarjejeniya da Leeds United a 1973, ya kuma ƙwace Ingila daga hannun Umbro a 1974, ya fito da tambarinsa fili, ya shiga sayar wa yara irin rigar da 'yan wasa ke sawa. Daga nan kowa ya bi. Wannan ya ba ka wani katanga mai amfani: daga ƙarshen 1974 zuwa 1984 rigar Ingila ta Admiral ce. Umbro ta dawo a 1984, ta riƙe har 2013 da Nike ta karɓa. Wanda ya ce maka ga rigar Ingila ta Kofin Duniya na 1982 mai tambarin Umbro, ko bai sani ba, ko yana so ne kai kada ka sani.

Tambarin kansa daimon ne biyu, ƙarami a cikin babba, a kwance. Abin lura shi ne rubutun da ke ƙarƙashinsa. Daga tsakiyar shekarun 1970 har zuwa 1992, da ƙananan haruffa ake rubuta sunan, umbro. Daga 1992 aka koma manya, UMBRO. Wannan ɗan bambanci shi kaɗai ya raba mini gardama fiye da sau ashirin. Sai dai akwai wurin da yake rikitar da mutane. A lokacin, kulob yakan yi kaka biyu da riga ɗaya, saboda haka rigunan da zamaninsu ya ratsa 1992 ana samun su da ƙananan haruffa, ana kuma samun su da manya, kuma duka biyun na asali ne. Na sha ganin an ƙi riga mai kyau don an ga hotonta da wani rubutu dabam. Ba jabu ba ce, bugun baya ce kawai.

A tsakiyar shekarun 1990 sun ɗan ajiye daimon ɗin a kan wasu riguna, suka bar sunan zalla da manyan haruffa. Farar rigar da Ingila ta saka a gasar ƙasashen Turai ta 1996 ita ce misalin da kowa ya sani: sunan a tsakiyar ƙirji, bajon a ƙarƙashinsa. Bayan da Nike ta sayi kamfanin kuwa, sai aka juya abin. Rigar Ingila ta 2009 fara ce fat mai kwala, da jan daimon shi kaɗai babu rubutu, kuma ba a sa mata girma da haruffan da aka saba ba, sai da awon ƙirji na inci, 40, 42, 44, kamar yadda tela zai auna ka. Wannan rigar kawuna ya juya ta ya daɗe yana kallo. A ganina ita ce mafi kyawun abin da kamfanin ya ɗinka a wannan ƙarni, kuma abin takaici ne cewa shekara huɗu bayanta Ingila ta bar su.

Wani abin da za ka gani a hannun riga shi ne jerin ƙananan daimon da ke gangarowa daga kafaɗa kamar tsiri. Wannan adon ƙarshen shekarun 1970 ne, Sikotilan ta je Kofin Duniya na 1978 a Ajantina da shi. Amma kada ka yi saurin yanke hukunci, domin sun sake dawo da shi a ƙarshen shekarun 1990. Tsirin shi kaɗai ba ya isa shaida, sai ka haɗa shi da haruffan ƙirji.

Abu na biyu shi ne sunan kamfanin da ke ɗaukar nauyin kulob, wanda aka buga a tsakiyar riga. A nan aikin ya fi daɗi, domin zamanin mai ɗinki da zamanin mai talla ba sa farawa tare, ba sa ƙarewa tare. Inda suka haɗu, nan shekarun rigarka suke.

Ɗauki Liverpool. Ta fara sa sunan Hitachi a 1979, ta koma Crown Paints a 1982, ta bar Umbro zuwa Adidas a 1985. Ke nan Umbro da Hitachi daga 1979 ne zuwa 1982, Umbro da Crown Paints kuwa daga 1982 zuwa 1985. Arsenal ta sa JVC tun farkon shekarun 1980 har zuwa 1999, amma ta bar Umbro a 1986, don haka daimon tare da JVC ba zai wuce 1986 ba. Chelsea ta fi kowa sauƙin karantawa, domin ta zauna da Umbro daga 1987 zuwa 2006 tana canja masu talla ɗaya bayan ɗaya: Commodore da farko, Coors daga 1994, Autoglass daga 1997, Fly Emirates daga 2001. Samsung ya shigo a 2005, Umbro ta fita a 2006, to idan ka ga su biyun a riga ɗaya, kaka ɗaya tak ce, ta 2005 zuwa 2006, kakar da Mourinho ya sake cin gasar Firimiya. Manchester City ma haka, daimon da Etihad daga 2009 ne zuwa 2013, kuma cikinta Aguero ya ci QPR ƙwallon nan ta ƙarshen lokaci a watan Mayun 2012.

Rashin talla ba ya nufin rigar ta girmi 1979. BBC da ITV sun ƙi nuna wasa da riga mai talla har zuwa 1983, saboda haka kulob ɗaya yana da riga mai rubutu don wasan da ba za a haska ba, da marar rubutu don na talabijin. A gasar Turai ma dokar ta fi tsanani. Liverpool ta buga wasan ƙarshe na 1984 a Roma ba tare da Crown Paints ba, kuma a na 1981 a Paris sai da aka manna farin tef a kan tambarin Umbro ɗin kansa. Ina son wannan labari domin yana nuna yadda a lokacin ake ɗaukar tambari a matsayin baƙo a filin wasa.

Na uku, bajon kulob ko na ƙasa, da taurarin da ke kansa. Barazil ta ci Kofin Duniya na 1994 a Amurka cikin kayan Umbro. Ta shiga gasar da taurari uku, na 1958 da 1962 da 1970. Bayan ta doke Italiya a bugun fenareti aka ƙara na huɗu. To riga mai taurari huɗu ba ita Romario ya saka a gasar ba, ta bayan nasara ce, ko da kuwa sauran komai iri ɗaya ne. Ingila kuma ba ta sa tauraro a riga ba sai 2003, duk da cewa kofin nata na 1966 ne. Idan ka ga rigar nan mai jan layi a gefen hagu, wadda suka ci Jamus 5 da 1 da ita a Munich a watan Satumban 2001, kuma ga tauraro a saman bajon, wani ne ya ƙara shi.

Yanzu juya bayanta. A nan ne aka taɓa yi mini sakiyar da ba ruwa, kuma na ji zafin abin har raina. Wani mai sayarwa ya nuna mini farar rigar Ingila ta Kofin Duniya na 1990, ƙananan haruffa daidai, kwala daidai, lamba 19 a baya da sunan Gascoigne a samanta. Ina son wannan rigar tun ina kallon hotunan wasan kusa da na ƙarshe a Turin, inda Gascoigne ya yi kuka. Son ne ya rufe mini ido, na saya ban juya ta ba. Sai da na zauna a gida na tuna cewa a gasar 1990 lamba ce kawai a bayan 'yan wasa, ba a fara sa suna a Kofin Duniya ba sai 1994. Da na leƙa ƙyallen da ke ciki, ga adireshin intanet a rubuce. A 1990 babu kamfanin riga mai shafin intanet. Bugun baya-bayan nan ce, irin wadda ake sake yi don masu begen da.

Ga shekarun da suka kamata ka haddace a kan bayan riga. Gasar Firimiya ta fara a 1992. Suna da lambar dindindin ta kowane ɗan wasa sun shigo a kakar 1993 zuwa 1994. A 1997 aka tilasta wa kowane kulob salon rubutu ɗaya, kafin nan kowa da nasa. Sai ka ga rigar 1995 da rubutun bayan 1997, ka san daga baya aka buga mata suna. Wannan bai sa rigar ta zama jabu ba, amma ya rage mata daraja a wurin masu tarawa. Celtic kuma tana da nata labarin dabam. Lokacin da ta ci Kofin Turai a Lisbon a 1967, ta doke Inter 2 da 1, lambobin a gajeren wando suke, bayan rigar ba komai, kuma a gasar gida haka ta ci gaba har 1994.

Abin da ya same ni ya sa nake raba riguna gida huɗu, kuma ina so kai ma ka tambayi mai sayarwa wanne gida tasa take kafin ku yi maganar komai. Akwai wadda aka ɗinka wa ɗan wasa. Akwai wadda aka yi wa magoya baya a daidai wancan zamani. Akwai wadda aka sake yi bayan shekaru da izinin masu tambari. Akwai kuma jabu. Ta ukun ba laifi ba ce, ni ma ina sa tawa ina jin daɗinta. Laifin yana wurin wanda ya sayar da ita da sunan ta biyu.

Sannan sai taɓawa, wadda hoto ba ya bayarwa. Rigunan kafin shekarun 1970 auduga ce mai nauyi, idan ta sha ruwa sai ta ja mutum ƙasa. Domin zafin Meziko a Kofin Duniya na 1970, an yi wa Ingila riga da yadi mai ƙananan huji-huji don iska ta riƙa shiga. Daga ƙarshen shekarun 1970 yadin roba ya mamaye, mai sheƙi, kuma a shekarun 1980 da 1990 aka shiga saƙa zane a cikin yadin kansa, wanda ba ka ganinsa sosai sai ka karkata shi ga haske.  Masu jabu sukan buga irin wannan zane da fenti a sama. Ka shafa da yatsa, ka kuma duba ta ciki. Zanen da aka saƙa yana bayyana a bayan yadi, wanda aka buga kuwa bayansa fili ne.

Yankan riga ma yana faɗin zamani. Na shekarun 1980 matsattsu ne, da ɗan guntun wando. A wasan ƙarshe na Kofin FA na 1991 Tottenham ta fito da dogon wando mai faɗi na Umbro, mutane suka yi ta dariya, kafin shekara biyu kowa ya koma irinsa. Rigunan shekarun 1990 burum-burum suke, hannu har gwiwar hannu. Idan aka ba ka rigar 1996 ta kama jikinka kamar ta yau, ka yi shakka.

Ƙyallen ciki shi nake barin wa ƙarshe, ko da yake kawuna da shi zai fara. Duba ƙasar da aka ɗinka ta. Tsofaffin da yawa a Ingila aka yi su, daga baya ɗinkin ya koma ƙasashen Asiya. Tun da Iconix ta saye shi, Umbro suna ne da ake ba kamfanoni dabam-dabam izinin amfani da shi a ƙasashe dabam-dabam, don haka kada ka yi mamakin ganin sunan wani kamfani a ƙyallen sabuwar riga. Duba kuma ko ƙyallen ya tsufa tare da rigar. Riga mai shekara talatin da aka sha wankewa, rubutun ƙyallenta ya kan dusashe, gefensa ya yi laushi. Yadi ya koɗe amma ƙyalle sabo fil, ko ƙyalle ya tsufa amma zaren da ya riƙe shi ya bambanta da sauran ɗinkin wuya, to an dasa shi ne. Ka bi bayan bajon da ido. A ta asali zaren a shirye yake, a jabu sau da yawa za ka ga zare ya tsallaka daga harafi zuwa harafi ba a yanke ba.

Kada shaida ɗaya ta ishe ka, ko ta tabbatarwa ko ta ƙaryatawa. Ni sai huɗu sun yi baki ɗaya nake yarda. Bari in nuna maka da wata jar rigar Manchester United da ta zo hannuna kwanan baya, ba tare da wani bayani ba. Kulob ɗin ya sa Umbro har 1975, ya koma Admiral, ya koma Adidas a 1980, ya dawo Umbro daga 1992 zuwa 2002. Haruffan ƙirjinta manya ne, ke nan zuwan na biyu ne. Sharp ne a gaba, kuma Vodafone ya maye gurbinsa a 2000, sai ya rage tsakanin 1992 da 2000. A cikin waɗannan shekaru takwas akwai mai igiya a wuya ta 1992, akwai mai hoton filin wasa ta 1994, ban da baƙar da Cantona ya saka da mai ruwan toka da suka tuɓe a hutun rabin lokaci a Southampton a watan Afrilun 1996, ana cin su 3 da nema. Tawa ba ko ɗaya daga cikinsu. Na duba bajon, babu kalmomin nan biyu na Turanci masu nufin kulob ɗin ƙwallo, waɗanda aka cire a 1998. Wuyan zif ne, ga tsirin daimon a hannu. Lambar baya salon Firimiya ne na bayan 1997. Na juya ta, ƙyallen ya dusashe daidai da yadin, zaren wuya iri ɗaya ne tun daga farko har ƙarshe. Rigar gida ce ta 1998 zuwa 2000, wadda suka ci Firimiya da Kofin FA da ita a kakar 1998 zuwa 1999, kakar da suka ci kofuna uku. Ba ita suka saka a wasan ƙarshe na Kofin Turai na 1999 da Bayern Munich a filin Camp Nou ba, ta gasar Turai dabam aka yi mata. Na wanke ta da hannu a ruwan sanyi, a juye, na shanya a inuwa don kada rubutun Sharp ya ɓare, sannan na rubuta shekarun a ɗan kati na rataya a wuyan hanga.